Cindo da Ƙa'idojin Aikido

Talata ce, an wuni ana yayyafi. Inna Tabawa ta shigo tsohon siton gyaɗa da nake gadi, riƙe da hannun ɗanta Cindo. Shekararsa talatin. Su biyu ne a gida, sai kaji da jaki. Duk abin da aka gaya masa, haka zai yi shi, ba ragi ba ƙari.

A siton nan Malam Sambo ke koyar da aikido, kokawar mutanen Japan. Can ya yi shekara tara yana koyon gyaran tarakta. Ɗalibai suna ce masa sensei, wato malam.

Inna ta ce, "Malam, Ƙosau ɗan dako ya mai da shi ganga a kasuwa. Wata uku na ba ka. In ya sake dawo mini da jini, ƙauye zan kai shi wajen kawunsa."

Cindo ya ce, "To wa zai ɗebo miki ruwa, Inna?"

Wata rana sensei ya ce, ba a hawa tabarma sai an jera takalma, kansu na kallon ƙofa. Ran Juma'a Cindo ya je masallaci, ya tarar da takalma a warwatse. Ya jera su kaf, manya gefe guda, ƙanana gefe guda. Aka sallame, mutum ɗari uku suka tsaya baki buɗe. Ban taɓa ganin layi mai kyau haka ba. Amma har la'asar ladan na yawo da takalmi ƙafa ɗaya.

Wata rana sensei ya ce, kafin ka taɓa abokin wasa ka ce onegaishimasu, ma'ana ina roƙon ka ara mini jikinka in koya. Ka jira ya amsa. Da yamma baƙi suka zo, Inna ta ce Cindo ya kamo zakara. Ya tsaya gaban zakara ya faɗi kalmar.

"Cindo, ruwa ya tafasa!"

"Bai amsa ba, Inna."

Baƙi suka ci tuwo da miyar kuka lami.

Wata rana aka koya musu, in an murɗe ka ka ji zafi, ka bubbuga sau biyu, za a sake ka. Jakinsu ya taka masa ƙafa a bakin rijiya. Ya bubbuga shi sau biyu, ya jira. Ni na zo na ture jakin. Ya dube ni ya ce, "Baba, sabon shiga ne. Bai san ƙa'ida ba."

Abu ɗaya ya iya, ukemi, wato faɗuwa. In an jefa ka, ka dunƙule ka mirgina, ka tashi, ka sake miƙa hannu. Ba a tsayawa sai an tafa. Jifa kam bai taɓa iya ko ɗaya ba. Sensei ya ce mini, "Baba, na kasa." Wata uku saura kwana biyu.

Wata rana, ranar kasuwa, na je sayen goro. Na ga Ƙosau ya tare Cindo a layin 'yan hatsi.

"Ɗan Japan! Zo ka nuna mini abin da ka koya."

Ya hankaɗa shi da ƙarfin da zai ka da buhu. Cindo ya mirgina kamar ƙwarya, ba ƙara, ya tashi, ya dawo ya miƙa hannu. Ƙosau ya fizge shi ya wurgar. Ya mirgina, ya tashi, ya miƙa. Na ƙirga goma sha bakwai, na daina. Masu awo suka ajiye tiya. Ƙosau na haki, gumi ya jiƙa rigarsa. Cindo ko ƙwarzane babu.

"Kai, ba ka gajiya ne?"

"Ba a tafa ba."

Can Ƙosau ya zauna daɓas a kan buhun dawa. Cindo na tsaye kansa da hannu a miƙe. Na sa goro a aljihu, na tafa sau biyu.

Cindo ya durƙusa, ya sunkuyar da kai kaɗan, ya yi masa godiya da Japananci. Sannan ya ce, "Ka yi ƙoƙari, Yaya Ƙosau. Ƙafarka ta hagu ce kawai ba ta zama daidai."

Inna ta duba shi tun daga kai har tafin ƙafa. Ba ta sami jini ba. Ba ta sake zancen ƙauye ba.

Washegari da safe Cindo ya ɗebo mata ruwa, ya wuce ƙofar gidan Ƙosau, ya yi sallama ya miƙa hannu. Ƙosau ta katangar baya ya fita.