Ɗan Aike Ya Rasu da Saƙo a Hannunsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake rubuta wannan sanarwa, kuma saura ƙiris in fasa. Kawu Sodangi cewa ya yi in buga layi biyu in manna a ƙofar shago, in ce imel ya tsaya sai yadda hali ya yi. Na buga, na karanta, sai na ga ko akuya ce ta mutu a gidanmu za a faɗi abin da ya fi haka. Ni ba mai magana ba ce, duk layin nan an sani, karatuna kuma a firamare ya tsaya. In kun ga kuskure ku yafe.

Ni Rabi, mai buga takardu a shagon Kawu Sodangi da ke Sabon Gari, a madadin kawuna da mahaifiyata da duk masu zuwa aika saƙo, ina sanar da rasuwar modem ɗinmu, wanda mata suka fi sani da Ɗan Aike. Ya rasu ranar Litinin bayan la'asar, a kan teburinsa, cikin ruwan nan da ya karya dogonyaron bakin masallaci, a daminar shekarar da soja suka ce za su miƙa mulki.

Marigayin baƙo ne a Sakkwato. Yayana Lawali ne ya aiko shi daga Malesiya, inda yake karatun noman shinkafa, ta hannun Malam Abdulwahabu na jami'a. Malam ɗin ne ya haɗa shi, igiya ɗaya a bayan kwamfuta, ɗaya a layin tarho. Ɗan baƙin akwati ne da bai fi faɗin tafin hannu biyu ba, da jerin ƙananan fitilu ja a goshinsa. Ranar da aka buɗe kwalinsa Kawu ya juya shi sama da ƙasa, ya ce, "Wanga ɗan abu shi za ya kai magana bayan teku?" Shi ɗin kuwa ya kai.

Babban halinsa na kirki shi ne gaisuwa. Bai taɓa shiga magana ba sallama ba. In an tashe shi sai ya kira babbar kwamfuta ta Legas, tit, tit, tit. Ya yi shiru yana sauraro. In an amsa sai ya ja murya, kiiiii, ɗan'uwansa na can ma ya ja tasa, su yi ƙirrr, su yi din-don, din-don, sannan shhhh kamar ana sheƙe gero. Malam ya ce a cikin kukan nan suke tambayar juna wane ne kai, da wane sauri za ka iya ji. In layi ba kyau sai marigayi ya rage sauri, yadda ake yi wa tsohon da kunnensa ya yi nauyi. Bayan nan ya faɗi sunan shagonmu da kalmar sirri, a buɗe masa ƙofa. Komai gaggawar mai saƙo, sai an gama gaisuwar nan. Masu gajen haƙuri sun sha yi masa tsaki, bai taɓa ragewa ba.

Yana da riƙon amana. Ba ya ɗaukar saƙo dunƙule. Yanka shi yake ƙanana, kowane yanki da lambarsa da adireshin inda za shi, kamar buhunan gero da aka rarraba wa motoci daban-daban. A can ƙarshe a jera su yadda suke. In ɗaya ya ɓace a hanya, na can ya ce bai ga lamba kaza ba, sai a sake turo masa ita kaɗai. Ba ya cewa ya isar sai an ce masa an karɓa. In kuwa an yi kuskuren harafi ɗaya a adireshi, saƙon zai dawo da bayanin cewa ba a sami mai wannan suna ba. Ba ya jefarwa a hanya ya zo ya ce ya kai.

Ya yi 'yan cututtukansa. Yakan yanke ana tsakiyar aiki in wani ya ɗaga kan tarho. Lokacin zafi jikinsa kan ɗauki ɗumi, in yi masa fifita da kwali. Amma ko yaushe yakan tashi.

Yanzu zan faɗi dalilin da ya sa mutuwarsa ta fi taɓa gidanmu.

Lawali ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da shi ba. Tun yana ƙarami, in tana son ya ci abinci sai ta ce wa bango tuwo na hucewa. Ranar da zai tafi ma tana ɗaki ta juya baya tana tsince shinkafa. Da Ɗan Aike ya zo, Lawali ya riƙa turo gaisuwa ina kai mata, ita kuwa ta ci gaba da aikin gabanta. Wata rana ta biyo ni shago wai za ta sayi zare a kusa. Ta zauna a benci, ta ji kukan gaisuwar nan har ƙarshe. Ta ce, "Mi shika cewa?" Na ce gaisawa suke. Ta ce, "To shina da tarbiyya." Can sai ta dubi akwatin, ba ni ba, ta ce, "Kai ƙarhen ga, ka hwaɗa ma mutumen can ya bar shan ruwan sanyi, ƙirji garai."

Na buga kamar yadda ta faɗa, ban gyara ko kalma ba. Daga ranar nan duk mako sai ta zo sayen zare. Ta gaya wa ƙarfe an yi haihuwa a maƙwabta, ta gaya masa ɗan tinkiyarta ya mutu, ta gaya masa a yawaita salati. Lawali ya gane. Shi ma sai ya riƙa rubuto, "Ɗan Aike, ka gaya wa mai ɗakin gabas na daina shan ruwan sanyi." Abin da uwa da ɗa ba su faɗa wa juna ba tun haihuwarsa, ta cikin wannan ɗan akwati ya wuce. Ni hannu ce kawai.

Sau ɗaya Kawu ya yarda aka buɗe shafin makarantar su Lawali a intanet, don ya ce akwai hotonsa. Na buga adireshin, burawuza mai buɗe shafuka ta roƙi shafin, marigayi ya shiga jawo shi. Rubutu ya fara zuwa. Hoto kuwa daga sama ya riƙa saukowa a hankali, layi bayan layi. Hula ta fito, goshi ya fito. Da aka zo kan ido sai Inna ta kau da kai ta ce wa Kawu rufin shagonsa na yoyo. Da Kawu ya fita duba rufin, na ga ta matso har hancinta na kusan taɓa gilashi. A ranar na gane yanar idonta ta yi nisa fiye da yadda take nunawa.

Makon jiya Lawali ya turo cewa ya gama karatu. An ba shi aiki a can, na shekaru masu yawa, kuma ana jiran amsarsa kafin Juma'ar nan. Ya ce ba zai sa hannu ba, ba zai ƙi ba, sai Ɗan Aike ya tambayo masa mai ɗakin gabas. In bai ji komai ba zai ɗauka ta yarda ya zauna.

Inna ta yi kwanaki ba ta zo sayen zare ba. Ranar Litinin da hantsi ta zo, tana lalube da ƙafa a bakin ƙofa. Ta yi wa ƙarfe magana a hankali, ta daɗe tana yi. Ba ni da hurumin rubuta duk abin da ta ce. Amma ba ta ce ya zauna ba.

Masu zuwa shagon nan sun san tsarin Kawu. Kiran Legas na da tsada, don haka ba a tura saƙo ɗaya-ɗaya. Tara su ake a akwatin fita na cikin kwamfuta, kamar fasinja a tasha, sai da yamma a tashi mota sau ɗaya. Saƙon Inna na cikin masu jira lokacin da hadari ya haɗo daga gabas. Muka yi abin da muka saba, muka kashe komai, muka zare igiyar wuta daga bango. Ba wanda ya taɓa gaya mana tsawa na bin igiyar tarho. Aka yi wani haske, marigayi ya ce ƙas, sau ɗaya, ƙasa-ƙasa. Wannan ne kalaminsa na ƙarshe. Sai ƙaurin roba.

Mai shayin kusa da mu ya ce a zuba masa nono, haka ake yi wa abin da aradu ta taɓa. Kawu ya ce, "Nonon ga da ka kawo muka sha da ya hi." Ran Talata Malam Abdulwahabu ya zo ya kwance shi, ya nuna mana inda cikinsa ya yi baƙi, ya mayar da murfin. Ya ce ba gyara. Ya ce babu irinsa a kasuwar garin nan, sai an yi saƙo Legas, kuma ba abin mako ɗaya ba ne. Ya ce a duk saninsa saura guda ɗaya mai rai, a ofishinsu na jami'a.

Da na gaya wa Inna, sai ta ce, "Allah bai nuhwa ba. A bar yaro ya ci arzikinai." Na ce ko in nemi wata hanya in sanar da shi da bakina. Ta ce, "Ke na hwaɗa ma? Ƙarhe na hwaɗa ma. Kak ki kuskura." Ta ja mayafi ta juya ta fuskanci bango. Da ta tashi za ta yi alwala sai ta yi tuntuɓe da butar da ke gabanta.

Marigayi ya bar kwamfuta, wadda ke zaune lulluɓe da zane tun ranar. Ya bar firinta da na'urar hoton takardu, waɗanda ba su san ma an yi rashi ba. Ya bar kan tarho, da ya tsira ba ko ƙwarzane. Ya bar ɗaliban da ke zuwa daga Kwalkwalawa ta wajen jami'a neman gurbin karatu, da Hajiya Sadiyatu mai atamfa da ke jiran labarin kayanta. Ya bar uwa ɗaya da ɗa ɗaya da ba su da wani wanda za su yi magana ta bakinsa.

Ga yadda aka tsara. Ba za a yi masa salla ba, ƙarfe ne, mun sani. Ba za a ba 'yan gwangwan shi ba, ko sun zo kada su tambaya. Ba za a ba yara su yi mota da shi ba. Zan goge shi, in naɗe shi a farin ƙyalle, in mayar da shi kwalin da ya zo ciki, a ajiye a saman kabad ɗin Inna. Ana karɓar gaisuwa a shago daga safe zuwa azahar. Kawu ya ce mai zuwa ta'aziyya ya taho da takardar da za a buga masa, kada zaman ya tashi a banza.

Sai dai ba a sa ranar rufewa ba. A garinmu ba a ɗaukar mamaci sai an yi cigiya ko akwai amanar wani a wuyansa, in akwai, na bayansa su sauke. Ɗan Aike ya tafi da amana ɗaya. Ba tawa ba ce da zan faɗa da bakina, amma ba a hana ƙarfe ya miƙa wa ɗan'uwansa ƙarfe ba.

Nan na tsaya ranar Laraba, ban manna ba.

Washegari da safe na je shago kafin Kawu, na yaye wa kwamfuta zane, na kwafe saƙon Inna a ɗan faifan kwamfuta, na ɗaure a bakin mayafi. Na koma gida ɗaukar takalmin fita. Inna na tsakar gida, ta ji motsina. Ta ce, "Ina za ki da sahen ga?" Na ce zan kai amanar mamaci. Ta daɗe tana juya kokon da ke hannunta. Sannan ta ce, "Hadari na tasowa. Ki yi sauri."

Ban taɓa zuwa jami'a ba. Na shiga bas, na sauka Kwalkwalawa, na taka. A ƙofa maigadi ya tambaye ni wurin wa na zo, na faɗa masa, ya nuna mini hanya. Malam Abdulwahabu bai yi mini dariya ba. Ya sa faifan, ya buga adireshin Lawali, ya ce, "In karanta in ga ko da gyara?" Na ce, "Ba namu ba ne, Malam." Sai ya kau da kai ya danna.

Nasu modem ɗin fari ne, ya fi namu girma. Amma da ya buɗe baki, tit, tit, tit, sannan kiiiii, muryar ɗaya ce. Na rufe fuska da mayafi har suka gama gaisawa. Fitila ta yi ta ƙiftawa, ta tsaya. Malam ya duba ya ce na can ya ce ya karɓa.

Ana iya rufe marigayi yanzu.