Saniyar Kawu Yero Mai Ƙasa Biyu

Jiya da hantsi, jama'a, aka tsare saniyar Kawu Yero a sandar kan iyaka, can bayan Illo. Laifinta kunnuwanta.

Masu allurar shanu na wajenmu, in sun gama da saniya, kunnen hagu suke tsagawa. Na Dahome, can ƙetaren iyaka, kuwa dama. Ita baiwar Allah ciyawa take bi, ba ruwanta da tuta, sai ta sha allura biyu, ta kwashi tsaga biyu. Maigirma Sarkin Sanda, shugaban masu gadin sandar ta wajenmu, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, ya dubi kunnen dama ya ce baƙuwa ce, ba ta shiga. Takwaransa na ƙetare ya dubi na hagu ya ce ba tasu ba ce. A gida ga ɗan maraƙinta yana ta kuka, bai sha nono ba.

Kawu ya ce, "Mariya, ke da kika tahi jami'a, hiddo bokon mu gani."

Na gyara tsayuwa, na fuskanci Maigirma. "Ranka ya daɗe, a darasin adana bayanai a kwamfuta, in abu ɗaya ke tantance wani, dole amsarsa ta zama ɗaya. Saniya ke nuna mai ita, mai ita ke nuna garinsa, gari ke nuna ƙasa. Kunne ba ya nuna komai sai inda aska ta bi. In kuka rataya ƙasa a kunne, saniya ɗaya za ta ba ku amsa biyu masu karo da juna."

Maigirma ya ce, "Ɗiyata, kwamfutar taku tana da kunne?"

"A'a."

"To mi ta sani?"

Na sara masa. Irin wannan ilimi ba a samunsa a aji.

Nan take ya kafa kwamiti. Aikinsu ɗanɗana nonon saniyar safe da yamma, har su gano ciyawar wace ƙasa ta fi yawa a ciki. Ƙwarya guda ba ta isar bincike.

Ban roƙi kowa ba. Wadda ta kwana a layin kananzir ba kwamiti zai karya ta ba. Na janyo maraƙin har bakin sanda, ya zura kai ta ƙarƙashi, ya tsotse abin da masu bincike suka rage.

Yau da safe na ga Maigirma yana zagaya maraƙin, yana cewa kunnuwa biyu lafiyayyu, ai wannan ba shi da ƙasa ko ɗaya. Ya aika a kawo aska. Ni dai na ɗaura wa maraƙin kallabina, na rufe kunnuwan.