Hawainiya a Cikin Kular Abinci

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na durƙusa a tsakar gidan surukaina a Argungu ina roƙon Allah Ya sa wani ɗan ƙwaro ya motsa ba. Kafin ku ce na sami taɓin hankali, bari in faro muku daga tushe.

Ina kiwon hawainiya. E, hawainiya dai da kuka sani. Na tsince ta ne a Birnin Kebbi ina dawowa daga ofis a kan babur, tana tsallaka kwalta da ƙasaita kamar ita ta ba da kwangilar titin. Na ɗauko ta, na haɗa mata keji da ragar waya, na sa mata reshen zogale, na raɗa mata suna Gimbiya. Kullum da yamma ni ne a bayan gida ina kamo mata fara. (Ba wanda na gaya wa. Kun san mutanenmu, a ganinsu hawainiya ba ta da abin yi a hannun kowa sai boka. Ko Asma'u da nake nema da aure, na bari sai an ɗaura tukuna.)

Wata rana sai na ga Gimbiya ta daina cin abinci, tana ta goga ido a jikin reshe. Da na duba sosai, sai ga wasu jajayen ɗigo kamar garin barkono a gefen idonta da hammatarta. Hankalina ya tashi, na kira abokina Kabiru, likitan dabbobi a Argungu.

Ya ce, "Shimhiɗa hwarin ƙyalle ka aza ta bisa. In ɗigon ya motsa, ƙuma ta, irin wadda ka damun kaji. Kak ka hwesa mata maganin sauro, kashe ta za ka yi. Ka wanke kejin da ruwan zahi, ka yar da reshen, ka shahwa mata man zaitun da auduga. Kaɗan hwa! Ran Asabar ka kawo min ita."

Na je kasuwa na yanko alawayyo, don shi ne farin ƙyalle mafi araha. (E, na san da shi ake likkafani. A lokacin ko kaɗan hakan bai zo mini a rai ba.) Na ɗora ta a kai, ɗigo suka zubo, suka kuwa soma tafiya. Kalmar "kaɗan" ce kawai ban ji ba. Na yi wa Gimbiya wanka da mai har tana sheƙi kamar kazar da za a gasa.

Ran Asabar na san ba direban da zai ɗauke ni da hawainiya a fili, don haka na naɗe ta a alawayyon, na sa ta a sabuwar kular abinci, na huda murfin don ta sha iska. Har ina yaba wa kaina dabara. Ina isa Argungu aka ce Kabiru ya tafi Augie rigakafin shanu, sai bayan la'asar. Sai na ce bari in leƙa gidan su Asma'u in gaida Malam, mahaifinta, tunda mako mai zuwa za a sa mana rana. Malam kuwa mutum ne da ba ya tashi daga karatu bai caccaki bokaye da masu zuwa wurinsu ba.

Ina zaune a zaure, na sunkuyar da kai muna gaisawa, sai ga Kaka, mahaifiyar Malam, wadda kullum take tsokanata da "mijina". Idonta ya sauka a kan kula.

"A'a! Yau mijina ya tuna da ni. Mi kak kawo muna? Kawo nan, marowaci!"

Ai baƙo ba ya hana a karɓi kayan hannunsa, balle mai neman aure. Na buɗe baki, na kalli Malam, kunya ta rufe mini shi. Ina ji ina gani ta shige gida da kula tana cewa ai ƙamshin ma ya isa.

Ba a jima ba muka ji salati, muka ji kwanuka na zubewa. Malam ya zabura ya shiga. Can ya leƙo, fuskar nan ba annuri, ya ce in shigo. Ranar ce farkon shigata cikin gidan.

Mata duk sun manne da katanga. Kaka, wadda ciwon gwiwa ya sa take salla a zaune, tana can bayan rumbu, har yau ban san yadda ta kai ba. A tsakiyar gida ga kula a buɗe, ga farin ƙyalle a warware, ga Gimbiya ta yi baƙi ƙirin don fushi, mai na ɗiga daga jikinta. Ido ɗaya ta kafa wa Malam, ɗayan ta kafa mini. Ni kaina da na kalli abin, na san in ni ne mai gida 'yan sanda zan kira.

Malam ya ce, "Wane boka yab ba ka wanga? Ɗiyata kaka son mallakewa, ko mu dut?"

Na zube ƙasa na soma rantse-rantse. Na yi bayanin keji, na yi na fara, na yi na ƙuma. Ina magana ina jin yadda gaskiyata ta fi ƙarya kama da ƙarya. Daga bayan wani labule na ji shessheƙa, na san Asma'u ce, zuciyata ta karye.

Malam ya ce, "Ƙuma, ga hawainiya? To, gwada muna."

Na ja ƙyallen na nuna ɗigon. "Ga su nan, Allah gafarta Malam, yanzu za su motsa."

Ba ɗigon da ya motsa. Na hura musu iska, na taɓa su da tsinke, shiru. Man da na malala duk ya kashe su. Ni da na kwashe mako ina yaƙi da ƙuma, ga ni durƙushe, gumi na zuba, ina addu'ar Allah Ya sa ko guda ɗaya ta tsira. Kaka ta leƙo ta ce, "Barkono na, ku gani! Da yaji anka haɗa asirin!"

Malam ya ɗauko tabarau ya tsuguna kusa da ni. Na ɗaga ƙafar Gimbiya ta gaba. Sai ga wani ɗigo ya fito daga hammatarta, ya gangaro kan alawayyo, ya kama hanya a hankali. Malam ya bi shi da yatsa har bakin ƙyallen.

"Awo, tana tahiya," ya ce. Ya sa farce ya murƙushe ta. (Shaidata ɗaya tilo ke nan a duniya, ko godiya ban samu na yi mata ba.) Ya miƙe ya cire tabarau, ya dubi matan gida.

"Ku kwantar da hankalinku. Yaron ga ba mushiriki ba na, wawa na kawai. Wauta ko ba ta hana aure."

Shessheƙar bayan labule ta koma dariya. Ban taɓa jin daɗin a kira ni wawa ba sai ranar, har godiya na yi.

Kabiru ya duba Gimbiya da yamma, ya zage ni a kan man, ta kuma warke sarai. An sa rana, an ɗaura aure, har Asma'u ce ke kamo fara in na yi tafiya. Amma har gobe, duk abin da na kai gidan Malam a rufe, Kaka ba ta karɓa. Sai ta ja da baya ta ce, "Buɗe da kanka, mijina, daga nan inda kake."

Abin da na koya shi ne, in za ka gidan surukai, kada ka riƙe abin da ba za ka iya faɗin sunansa a zaure ba. In kuma ka riƙe, to kada ka kashe shaidunka tun daga gida.