Gauɗen Iya Laraba

Na rantse da kabarin kakana ba za ku yarda da wannan ba, amma ni ganau ne. A garinmu akwai wani Tunau, mutumin da in ka ce masa ya tsaya nan, gobe ma nan za ka same shi. Daga shi sai tsohuwarsa Iya Laraba, wadda idonta ya tafi, ƙafa ma ta fara ƙi. Burinta ɗaya ya rage a duniya: ta shaƙi ƙamshin furen gauɗe, irin na dajin garinsu, kafin ta cika. Tunau ya shiga daji ya tono ɗan gauɗe, ya dasa a bayan ɗakinta. Ni kuwa a aji biyu na watsar da makaranta, amma duk unguwa an san ba wanda ya kai ni sanin aikin gona a baki, don haka wurina yake zuwa neman shawara.

Wata rana Iya ta ce, "Tunau, ka riƙa ba shi ruwa da hannunka kullum, kar ka yi fashi." Aka shiga Agusta, sama ta ɓalle kwana uku. Tunau ya kife wa gauɗen kwarya don kada ruwan sama ya riga shi, ya tsaya cikin ruwa tsamo-tsamo yana ɗaga ta yana zuba nasa na rijiya. Mura ta kwantar da shi mako guda, Iya ta yi jinyarsa da lalube.

Wata rana ya same ni a bakin kasuwa. "Malam, yaya zan san yana girma?" Na ce, "Ai girman itace daga ƙasa yake, sai ka riƙa duba saiwa." Duk Juma'a bayan masallaci sai ya tumɓuke shi, ya auna saiwar da ɗan yatsa, ya mayar. Abu ya tsaya cak kamar an yi masa baki.

Wata rana, bayan an gama girbi, ganye ya fara zuba, kamar yadda gauɗe ke yi da rani. Tunau ya zo a guje. "Malam, yana tuɓewa!" Na ce ya mayar masa da kayansa. Ya samo zare, ya ɗaure kowane busasshen ganye a reshe, har la'asar. Iya ta sa aka kai ta wurin, ta shafa, hannunta ya ci karo da ƙulli bayan ƙulli. Sai ta ce, "Mayar da ni ɗaki, ɗan nan. Ni da shi duk an ɗaure mu ne kawai, ba mu da sauran kwana." Daga ranar ko koko sai an yi da gaske take kurɓa.

Wata rana da sanyin safiya ya tambaye ni ko itace na jin ɗari. Na ce, "Sosai ma, ai wuta yake so." Ya tara karmami a gindinsa ya ƙyasta ashana. Wuta ta lashe gauɗen, ta cinye dangar gidan, ta tsallaka ta kama harawar Alhaji Barmo maƙwabcinsu. Tunau ya zauna cikin toka yana kuka, ya ƙi faɗin wanda ya sa shi, don na ce masa sirrin masana ne.

Bayan mako uku, sai ga fararen furanni a kan baƙaƙen rassa. Wani tsohon maharbi ya leƙo ya ce, "Haka yake yi a daji, sai gobara ta bi ta kansa yake farkawa." Aka ɗauko Iya a tabarma. Ta ja numfashi, ta sake ja, ta ce, "Shi ne. Wallahi shi ne."

Jama'a suka fara cewa ashe Tunau masani ne. Raina ya ɓaci. Na kutsa tsakiya na ce, "Wane Tunau? Ni na ba da dabarar wutar nan!"

Alhaji Barmo ya damƙi wuyan rigata. "Madalla, ɗan albarka. Kai muke nema."

Yau kwana tara ke nan ina yankan kara ina kafa danga, biyan harawar Alhaji kuma ban ko fara ba. Mai unguwa ya sa Tunau ya tsare ni, ya ce kada ya bari in zauna. Ko sallah sai da aka kira liman ya roƙe shi.