Askin Ciyawar Kaka

"Lafiya lau na kwana, amma ba don kai ba. Tsaya nan bakin ƙofa, kada ka tako min tsakar gida da ƙafar nan taka ta ɓarna."

Kaka ce ke magana, tana zaune a kan akwatin ƙarfe, kayan gidan duk an ɗaure su a gefenta. Wanda take tarewa jikanta ne, mai shagon aski a bakin titi, ya shigo da tawul a kafaɗa kamar kullum. An sayar da gidan. Da la'asar mota za ta zo ta kai ta wurin ɗanta, kawun mai askin, a bene hawa na uku inda babu ƙasa ko cikin cokali. Sabon mai gidan kuwa ya ce gobe zai malale tsakar gidan da siminti. Komai ya sami wurin zuwa, ban da abu ɗaya: tushen ciyawar ƙamshi da ke gindin famfo, wadda tsofaffi ke kira nobe. Shekara arba'in Kaka tana ba ta ruwa.

"Haba amarya," in ji mai aski. "Da sassafe? Ko shayin ne bai ji sukari ba?"

"Shayi ya ji sukari. Kai ne ba ka ji magana ba. Juya ka dubi aikinka."

Ya juya. Ciyawar da jiya ta kai ƙugu, yau ba ta fi tsawon yatsa ba. An daidaita samanta tsaf, an kuma zagaye gefenta.

"Kin ga gyara kuwa? Ko ango ba na tsaya masa haka."

"Na aike ka ka yanko min ganye dami ɗaya in tafi da shi. Na je sallama da maƙwabta, na dawo na tarar ka yi mata ƙwal-kwabo."

"Wannan ba ƙwal-kwabo ba ne, saisaye ne. Ki daina ɓata min sana'a a gaban jama'a."

"Wace jama'a? Akwatuna? Da me ka yanka ta?"

"Da almakashi."

"Sai me?"

"Sai mataji."

Kaka ta dube shi tun daga sama har ƙasa. "Mataji. A ciyawa."

"To da yaya zan san ta daidaita?"

"Allah ya isa tsakanina da wanda ya koya maka aski. Da ma tun kana goye na san kan nan naka girma kawai ya yi, ɗaki ne babba ba kowa a ciki. Kawo almakashin in yi wa gashin bakinka yadda ka yi mata."

"A'a, mu bar wannan maganar."

"Ai na sani. Wanzami ba ya son jarfa." Ta gyara zama. "To ka ji, na yanke shawara. Maƙwabciyata mai ɗinki zan ba. Yau za ta tone ta."

"Mai ɗinki? Wadda akuyarta ta cinye labulen ɗakinta? Kafin azahar ciyawarki tana cikin akuya."

"Gara akuya. Ita in ta ci, ko ba komai bakinta zai yi ƙamshi."

"Duk wannan faɗan a kan ciyawa fa ake yi, tsohuwa. Ciyawa. Abin da jaki ke takawa ya wuce."

"Shi ya sa ka taka ka wuce. Kai har kana da bakin raina ta? Kana shekara uku kana tari kamar tsohon injin niƙa, uwarka tana kuka, ubanka yana zagaye gida yana neman takalminsa alhali yana ƙafarsa. Wa ya tafasa ganyen nan ya lulluɓe ka da zane ka shaƙi tururi? Da ba don ita ba, da yanzu ba ni da miji mummuna, da na huta."

"Ni na ji an ce allura aka yi min."

"Allura ta zo ta tarar an gama aiki. Kakanka shekara talatin yana shan ta bayan cin abinci, cikinsa bai taɓa kumbura ba."

"Amma ai ya mutu."

"Ya mutu yana ƙamshi. Masu zuwa gaisuwa har tambaya suke wane turare yake shafawa. Kai in ka mutu, sai an buɗe tagogi."

"To in haka take, ƙwayoyin hawan jinin nan da ke cikin jakarki na mene ne? Ado?"

"Wannan na likita ne, kowa da aikinsa. Ciyawata ba ta taɓa cewa ita likita ce ba. Mura, tari, kumburin ciki, ƙaiƙayin maƙogwaro, sai kuma a sa ta cikin akwati tufafi su yi daɗi. Nan ta tsaya. Ta san iyakarta, ba kamar wasu masu ɗaukar mataji su shiga gona ba."

Iska ta ɗan kaɗa daga bakin ƙofa. Kaka ta ɗaga hanci, ta shaƙa.

"Matso nan."

"Yanzu kika ce kada in tako."

"Na ɗage dokar. Matso. Miƙo tawul ɗin nan."

Ya miƙa mata yana kallon sama. Ta shinshina sau ɗaya, ta sake shinshinawa.

"Wannan ba ganyen jiya ba ne. Ƙamshin ya kama zare, ya daɗe a ciki. Shekara guda ina ganin ciyawata tana raguwa ta gefen bango, shekara guda ina zagin akuyar mutane. Ashe akuyar da wando take zuwa."

"Miji ba ya sata a gidan matarsa."

"Rana dubu ta ɓarawo. Me kake yi da ita?"

Mai aski ya sosa ƙeya. "Tafasawa nake, in tsoma tawul a ciki. In na gama wa mutum aski sai in ɗora masa a fuska da ɗuminsa. Akwai wani direban babbar mota da ba shi da gashi ko ɗaya, amma duk mako sai ya zo. Zama kawai yake a ɗora masa tawul, ya yi minshari, ya tashi."

"Wato da gumina kake tara jama'a, sannan ka zo ka ce abin da jaki ke takawa ne."

"Tabarmar kunya ce, Kaka, da hauka ake naɗe ta." Ya durƙusa a gabanta. "Kada ki ba mai ɗinki. Ni za ki ba."

"Kai? In ba kura ajiyar nama? Ko sanin yadda ake riƙe ta ba ka yi ba."

"Tambaye ni."

"Yaya ake ɗiba?"

Ya maƙale murya, ya karkata baki yadda take yi. "Yanka ake yi, ba a tumɓukewa, 'yan banza. Wanda ya ja ta da hannu, hannun ya shanye."

"Ban ce ya shanye ba."

"Kin ce. Da ni kike."

"Ganye nawa a tukunya?"

"Uku a kofi biyu na ruwa. In an cika, kai ya yi nauyi. Ba a ba mai ciki. Ba a barin murfi a buɗe, ƙamshin ne maganin, in ya gudu an tafasa ruwan banza."

"Ina ganyen da ka yanka jiya? Na san a kan kwano ka watsa shi, rana ta cinye."

"Leƙa ɗakinki."

Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta leƙa. A kan ƙusoshin da aka cire labule, ga ganyen nan a rataye cikin inuwa, an kitse shi tufka uku-uku yadda ita take yi. Ɗakin da babu komai a ciki ya cika da ƙamshi. Ta daɗe a tsaye kafin ta dawo ta zauna.

"Kitson bai yi kyau ba," in ji ta.

"Ni aski na koya."

"To in ka san duk wannan, me ya kai ka yi mata wannan wulaƙanci?"

"Ke kika ce in za a ɗaga ta daga wuri sai an rage mata kai, don saiwa ba ta iya ciyar da dogon ganye a baƙuwar ƙasa."

"Yaushe na ce?"

"Shekarar da aka gyara famfo, aka matsar da ita. Kina gaya wa kawu, shi yana duba waya. Ni ina kwance a kan tabarma, kina tsammanin barci nake."

"Da ma ba ka taɓa barcin Allah da Annabi ba, munafuki. Matajin fa? Shi ma ni na ce?"

"Wannan kuma sana'a ce ta motsa."

"A ina za ka dasa?"

"Bayan shago. Na yanka duro biyu, na huda gindin, na cika da ƙasa da taki tun makon jiya. Ruwan tulun shago ba ya yankewa."

"Wato har ka share ɗaki ka kafa gado, ba ka nemi auren ba."

"Ba a fafe gora ranar tafiya."

Kaka ta jawo wani buhu, ta laluba ciki, ta fito da 'yar fartanyarta mai gajeriyar ƙota. Ta ɗora ta a cinya, ba ta miƙa ba.

"Da sharaɗi. Ganyena za ka riƙa kawo min can sama. Uku. Ɗanye, yankan ranar."

"Ga dami can a rataye, zai kai ki shekara. Kuma ke da bakinki kika ce busasshe ya fi ƙarfi."

"Na ce. Yau kuma ɗanye nake so."

"Sai in ba kawu ya taho miki da shi."

"Kawunka fita yake tun asuba, matarsa ma aiki take zuwa. Ba na son na aike. Mai yanka shi ne mai kawowa."

Ba shi take kallo ba, ƙotar fartanyar take murzawa da babban yatsa. Mai aski ya dubi akwatunan, ya dubi ƙafafunta da suka kumbura a cikin silifa.

"Hawa uku ne fa, amarya," ya ce a hankali.

"Ni da za a hau da ni sau ɗaya ban yi ƙorafi ba."

"To. Laraba da Asabar."

"Da Litinin."

"Litinin shago cike yake."

"Da masu sanƙo. Su jira."

"Shi ke nan, kin ci. Da Litinin. Amma in ciyawar ta ƙi kamawa fa? In ta mutu a hannuna?"

Dariya ta ƙwace mata, har sai da ta goge ido da bakin mayafi. Ta miƙa masa fartanyar.

"Tona a hankali, ka haɗo da ƙasarta. In ta rayu, sau uku a mako. In ka kashe ta, kullum za ka hau benen nan ka yi min ta'aziyya."