Rasuwar Ummi Khadduja, Wadda Ba Ta Sallamar Biyu a Tare

Da zuciya cike da baƙin ciki, gwargwadon abin da ofis mai ɗaki biyu zai iya ɗauka, ma'aikatan Labaran Gaɓa, jaridar intanet ta birnin Safakis, suna sanar da masu karatu rasuwar Ummi Khadduja, kwamfutar da ta ɗauki shafin jaridar a kanta shekara goma sha huɗu.

An fita da ita ranar Asabar da la'asar a kujerar bayan tasi. Abin da aka ɗauka: ita kanta, naɗe a bargo, wayar wuta biyu, fankar tebur, kwalbar ruwan sanyi da ba wanda ya san amfanin da za ta yi, da ludayi ɗaya na icen zaitun, a cikin jakar Shazli. Si Munji mai gyara ya jona ta, ya kara kunne, ya danna, ya sake dannawa. Daga nan ya cire tabarau, ya ce a mai da fankar ofis, mai ita ta gama bukata.

Shazli shi ne mai kula da marigayiyar, shi ne kuma mai wannan rubutu. Shekara shida ya yi a Kanada yana karatun kwamfuta, bara ya dawo. Ranar da goggonsa Lalla Wasila, mai jaridar, ta miƙa masa makullin ofis, ba ta saki ba sai da ta ce: "Taɓa duk abin da ka ga dama, ɗan ƙanena. Amma ranar da Ummi ta mutu a hannunka, ka ajiye min makullina ka koma wa ƙanƙararka." Har zuwa yanzu Lalla Wasila tana zaton tsufa ne ya kashe ta. Za ta karanta wannan sanarwa tare da kowa.

Marigayiya 'yar gwanjo ce. An sayo ta daga wani ofishin sayar da tikitin jirgin ruwa da ya rufe, aka ba ta sito mara taga, tsakanin tsintsiya da garwar man zaitun. Ba ta taɓa ƙorafin masauki ba. In an kunna ta da safe takan ce "ƙirrr, tak, tak," ta yi shiru kamar mai tuna wani abu, sannan ta ce "tit." Wannan "tit" ɗin shi ne fara aiki a Labaran Gaɓa, ba agogo ba. Ta ga ɗaukewar wuta ba adadi, ta ga ɓera, ta sha shayin da Si Lutfi, editan wasanni da na rasuwa, ya zubar mata har sau biyu. Duk ta tashi.

Aibinta ɗaya ne, kuma a yau ma ba za a ɓoye shi ba: ba ta sallamar mutum biyu a tare. In mutum biyu suka ɗora hoto a shafi lokaci guda, sai ta ɗauki na biyu ta danne na farko da shi. Ba duk laifinta ba ne. Kowa a ofishin nan suna ɗaya yake raɗa wa fayil ɗinsa, wato "na ƙarshe." Ita kuwa ta yarda da su.

A shekararta ta uku, hoton ragon da ya ci gasar dabbobi ya kwashe awa huɗu a kan sanarwar rasuwar wani attajirin yadi. Iyalansa suka zo ofis. Babban ɗansa ya ce shi ba ƙahon ne ya dame shi ba, abin da ya dame shi mutum uku sun bugo waya sun ce hoton ya fito da marigayin sosai.

Washegari Lalla Wasila ta zo da ludayin miyarta, ta buga ƙusa a sito, ta rataye shi bayan Ummi, ta kafa doka. Duk mai son ɗora abu a shafi, sai ya buɗe sito, ya tokare ƙofar da garwar mai, ya ɗauko ludayin, ya zauna inda zai riƙa ganin koriyar fitilar Ummi tana ƙyafta ido har ta gama. Wanda ba shi da ludayi, ya jira. Najat, wakiliyar jaridar a tsibirin Karkana, takan bugo waya ta ce: "Ludayi na hannun wa?" Sai Si Lutfi ya ɗauko a madadinta, ya zauna da shi a cinya, yana mita: "Yi sauri, 'yar masunta, ba gasasshen kifi na riƙe miki ba." Shekara goma sha ɗaya rago bai sake hawa kan mamaci ba.

Shazli da ya dawo ya ga wannan, bai yi dariya ba. A inda ya yi karatu, mutum dubu suna ɗora abu a tare, na'ura tana jera su a layi da kanta, kowa da lambarsa, ba mai riƙe kayan kicin. Ya yi wata biyu yana rubuta wa Ummi tsarin da zai koya mata haka: ta karɓi kowa, ta canza wa kowane fayil suna, ta sallame su bi da bi. Ya gwada, ya yi. Ya kai wa Lalla Wasila. Ta saurare shi har ƙarshe, ta ce: "Ka iya, Allah ya ƙara basira. Ludayina yana nan."

Sai ranar Asabar ta zo, ranar fitowar sakamakon jarrabawar gama sakandare. Masu karatu sun san yadda garin yake a ranar: guɗa ta kowace taga, odar motoci ta kowane titi, kuma kowace uwa tana son hoton ɗanta a shafinmu kafin na maƙwabciya. Iskar kudu mai zafi ta taso tun hantsi. Lalla Wasila ta tafi gidan wata aminiyarta taya murna. Shazli ya shiga sito, ya sa ludayin a jaka, ya fito, ya rufe ƙofar. Da aka nema ya ce bai gani ba.

Si Lutfi ya duba har ƙarƙashin darduma. "Injiniya," in ji shi, "ba ludayi, ba aiki. Ni ba zan ɗora 'yar mutane a kan sakamakon ƙwallo ba."

"Ku ɗora gaba ɗaya, Si Lutfi. In aka samu rago, ni zan amsa."

Suka ɗora. Mutum huɗu a ofis, Najat daga tsibiri, da iyaye daga wayoyinsu. Hoto ɗari biyu da sittin da ɗaya cikin awa biyar, kusan rabinsu sunansu "na ƙarshe." Ana so a shaida wa duniya cewa Ummi Khadduja ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Kowane yaro ya fito a kan sunansa, kowace yarinya a kan makinta. Ba ta taɓa yin aiki mai kyau irin na ranar ba. Shazli ya ji daɗi, bai nuna ba.

Wajen ƙarfe uku aka ji ta ta bayan ƙofa tana cewa "huuu," a hankali, da tsawo. Ba wanda ya taɓa jin ta faɗi haka. Sai "tak." Ba "tit." Da aka buɗe sito, zafin da ya fito ya isa gasa burodi.

A shagonsa, Si Munji ya daɗe yana duban cikinta. Shi ya san ta tun tana sayar da tikiti. Ya ɗago ya ce: "Wa ya rufe mata ƙofa?"

Shazli ya ce ƙofar ai kullum a rufe take.

"In ba aiki, ƙwarai. In ana aiki fa? Ɗakin nan ba taga, ɗan Kanada. Shekara goma sha ɗaya ludayin goggonka ne yake buɗe mata ƙofa tana shan iska. Ba a koya muku wannan ba a can?"

Ba a koya musu ba. A can sanyi kyauta ne.

Saboda haka ana sanar da Lalla Wasila, a gaban masu karatu, cewa ba tsufa ba ne. Ludayin bai ɓata ba. Tsarin Shazli daidai yake, kuma shi ya kashe ta.

Marigayiya ta bar faifan ajiyarta, wanda Si Munji ya ciro lafiya lau da duk hotunan aure da na rasuwa na shekara goma sha huɗu, har da ragon. Ta bar na'urar buga takarda, ƙanwarta, wadda dama ba ta da lafiya. Ta bar fankar tebur da ba ta samu damar taimakonta ba, da garwar mai, da gizo-gizo guda biyu. Shafin jaridar ya koma masaukin haya a intanet, inda mutum dubu za su iya ɗorawa a tare, ba ƙara, ba fitila, ba wanda ya san fuskar mai sallamarsa. Najat ta bugo jiya ta ce ludayi na hannun wa. Aka ce mata an daina. Ta ce to ita yanzu da wa za ta yi faɗa.

Si Lutfi ya tambayi limamin unguwa ko ana yi wa ƙarfe addu'a. Liman ya ce a'a, amma ana iya yi wa masu shi. Ana bukata.

Za a raka gangar jikinta ranar Alhamis bayan la'asar zuwa wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa da ke bayan tashar jiragen kamun kifi. Si Munji ya ce zai ɗauki gaba. Zaman ta'aziyya a ofis, akwai shayin na'a-na'a da makrud, cincin ɗin nan mai dabino a ciki. Ana roƙon masu zuwa su shigo ɗaya bayan ɗaya, don girmama halin marigayiya.

Wannan sanarwa, da ludayin a hannunsa Shazli ya ɗora ta, ko da yake sabon masaukin bai nema ba. Da ta gama hawa ya mai da shi kan ƙusarsa, ya rataye makullin ofis kusa da shi. Ya rufe sito. Yau rufe shi ba zai cuci kowa ba. Ya fita ya ja ƙofar ofis, ta kulle kanta a bayansa.

Ba zai koma Kanada ba. Gobe ƙarfe takwas zai zo ya ƙwanƙwasa wa Goggo ƙofa, ya tsaya a waje ya jira a kira shi.