Ranar da na koma neman tarwaɗata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je da ƙafafuna na tona wa kaina asiri a shagon kwamfuta na Malama Falmata ba, nan cikin Haɗejiya.

Shekara biyu kafin nan na fusata da shugaban ƙungiyarmu ta manoman shinkafa, Alhaji Bukar. An yanke kacala, ciyawar nan da ke toshe hanyar ruwa, ruwa ya buɗe, sai ga shi gonarsa ya fara sha, tamu kuwa sai da ƙasa ta tsage. Ban iya faɗa masa a ido ba (bakina a bayan mutum yake da kaifi). Wani mai shago a Auyo ya buɗe min imel irin na yarwa, wanda ba suna ba lambar waya, na zazzaga zagi ya rubuta, muka tura wa ƙungiya. Har da cewa Alhaji ya fi tsuntsayen jan-baki ɓarna.

Abin yarwa ne, amma ni ba na yar da kaya. Da aka zo rajistar injin ban ruwa aka ce kowa ya kawo imel, sai na miƙa takardar da mai shagon ya rubuta min sunan imel ɗin, tana nan a aljihuna. Daga baya ambaliya ta ci takardar, har da rigar.

Bana sunana ya fito. Aka ce an tura lambar karɓa ta imel, wanda bai kawo ba zuwa Alhamis a ba wani. Gonata kuwa tana can tudu, ba inji ba noman rani.

Na je shagon, ashe Alhaji Bukar na zaune yana taya mutane cike takardu. Falmata ta ce irin wannan akwatin imel ba shi da mukulli, in na tuna sunansa daidai, wataƙila ya buɗu.

"Baba, me kuka sa masa?"

"Akwai dai kifi a ciki," na ce. "Ko karfasa, ko tarwaɗa."

Alhaji ya ɗago kai a hankali. "Malam Sale, ba tarwaɗa mai ƙaya ba ce? Da bakwai biyu a ƙarshe?"

Ni kuma, babban banza, na tafa hannu. "Ita ce wallahi! Allah ya saka da alheri, Alhaji! Ya aka yi ka sani?"

Ya cire hula, ya zaro wata takarda da ta sha ninki har ta yi laushi. "Shekara biyu ina neman mai ita."

Falmata ta buga, akwati ya buɗe, ga lambata a zaune. Ta kafa wa allo ido kamar ba ta ji komai ba, amma kafaɗunta na rawa don dariya.

Na ce, "Alhaji, sharrin shaiɗan ne."

"Shaiɗan ya san iyakar gonata da taka haka? To madalla."

Bai hana ni inji ba, da ma ya hana. Shi ya ɗauko shi a bayan mota ranar Alhamis, ya sauke a ƙofar gidana ana fitowa daga sallar la'asar, ya ɗaga murya: "Ga na Tarwaɗa! A taya shi ɗauka, a kula da ƙaya."

Shinkafa ta yi kyau bana, ba ƙarya. Sai dai har matata in ta kawo tuwo cewa take, "Bisimilla, mai ƙaya."

Ban ce abin da na rubuta ƙarya ne ba, har gobe gonarsa ce ke fara sha. Amma in ka yi jifa a ɓoye, ɗan'uwa, kada ka koma wurin mai rotsi kana cigiyar dutsenka.